Shaidar Kunne a Ƙasar Meirion

Tecwyn na gidan gonar Hendre ya zare yatsunsa daga baki, fiton da ya ɗauko ya mutu a hanya. Karensa Mot ya yi turus a tsakiyar gangara yana jiran umarni, tumakin da ya kewayo suka samu sarari suka fara bajewa. Shi kuwa maigidan idonsa na can ƙirjin dutse. Daidai wurin da marigayi wansa Idwal, mai gidan gonar Hafod, ya saba tsayawa duk ranar gayyar sauko da tumaki, shekara arba'in ba fashi, wata ce tsaye da jar riga da sanda a hannu.

"Wa ya ajiye waccan a can?"

Emrys na Pant, tsohon da ke raba wa kowa wurin tsayuwa tun gashin Tecwyn yana baƙi, ya kashe babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ya ɗaga kai.

"Ba wanda ya ajiye ta. Na tarar da ita a ƙofar dutse kafin kowa. Ta ce gurbin Hafod ba mutum, ita za ta tsaya."

"Gurbin Hafod! Ta san inda Hafod ya fara da inda ya ƙare?"

"Ka tambaye ta mana. Ai 'yar wanka ce, ba tawa ba."

Tecwyn ya ja tsaki, ya mai da yatsu baki ya yi wa Mot wani fito mai zafi, kamar kare ne ya yi masa laifi.

Siwan ke nan, ita kaɗai Idwal ya haifa. Tana 'yar shekara tara uwarta, mutuniyar Ingila, ta gaji da dutse da ruwan sama da miji mara magana, ta kwashe ta suka koma birnin Stoke, can Ingila. Shekara ashirin da biyar kwarin nan bai gan ta ba sai a watan Fabrairu, ranar da aka binne uban. Kowa ya ɗauka zuwan ke nan. Sai ga shi sati uku da suka wuce ta dawo da mota shaƙe da kaya, katifa ɗaure a sama, washegari aka ga hayaƙi na tashi daga Hafod. Ba ta sauko ta gai da baffanta ba, shi ma bai hau ba.

Yau kuma ranar shaida ce. Duk ɗan tunkiyar da aka haifa bana za a tsaga masa kunne da shaidar gidansu. A kwarin nan namu takarda ba ta mallaka wa mutum tunkiya. Lambar robar da gwamnati ta ce a maƙala takan tsinke a jikin ƙaya, amma abin da wuƙa ta cire daga kunne ba ya tsirowa, kuma duk wanda ya tsinci tunkiya kunnenta yake dubawa ya kai ta gidan da kunnen ya ce. Tumakin Idwal sun haifi tamanin da wani abu. Tecwyn bai gaya wa kowa ba, amma har matan da ke dafa abincin gayya sun san shaidar Hendre ya yi niyyar yi musu. In ya yi haka bana, ya yi baɗi, tsofaffin iyayen suka ƙare, garken Hafod ya bi mai shi kabari.

Kuma a ransa bai ga ya ci amanar kowa ba. Hunturu biyu Idwal na kwance, shi ya riƙa hawa da ciyawa, shi ya karɓi haihuwarsu. A gadon asibiti wan ya kama masa hannu ya ce, "Ka kula min da su." Me ake nufi da wannan in ba kyauta ba? Ita kuwa wannan ya san ƙarshenta. Za ta yi hunturu ɗaya ta gudu, ta sayar. Gidaje uku a kwarin nan haka suka tafi: ɗaya wani kamfani ya saya ya dasa itatuwa har bakin ƙofa, biyu sun zama gidajen hutu na baƙi, wata goma a rufe. Gidan kam, ba shi da ikon hana ta sayarwa. Amma tumaki, yana raye, ba za su shiga motar wani baƙo ba.

Da aka fara matsowa da garke ƙasa, tumaki wajen ashirin suka ga mai jar riga ba ta da kare, suka ɓalle ta gefenta suka koma sama. Ta bi su da gudu tana kaɗa sanda, ta zame ta faɗi cikin taɓo. Tecwyn ya ji daɗi har cikin ransa. Ya bari sai da kowa ya gani, sannan ya tura Mot ya dawo da su cikin minti biyar.

Rana ta ɗaga aka rufe su a kewayen duwatsu na bayan Hendre, kukan iyaye da na 'ya'ya ya cika kwarin. Yana ɗaure ƙofa ta zo ta tsaya a kansa, taɓo har gwiwa.

"Baffa, sannu da aiki."

"Yauwa." Bai ɗago ba. Yarenmu ne a bakinta, ba na mutanen Ingila ba, amma na yarinya 'yar shekara tara, inda ta baro shi nan ya tsaya. Jin sa kawai ɓata masa rai yake yi.

"An ce min yau za ka tsaga wa 'ya'yan tumakin Baba kunne."

"Wa ya ce miki?"

"Kowa ya faɗa. Kai kaɗai ka rage."

"To ga shi na faɗa. Matsa, kin tare min ƙofa."

"Da shaidar wane gida?"

"Da shaidar gidan da ya tono iyayensu daga cikin dusar ƙanƙara da hannunsa."

"Tumakin ubana ne."

Sai yanzu ya miƙe ya dube ta sama da ƙasa.

"Ubanki? Ashe kina da uba! Lokacin da yake tari kamar zai amayo huhunsa, kina ina?"

"Duk Lahadi sai na kira shi."

"Waya! Waya ke kai wa tunkiya ciyawa? Ke da ko ashirin kin kasa tarewa, sai da kare ya rufa miki asiri."

"Karen Baba ne ai. Shi ma ka ɗauke."

Gaskiya ne, Mot na Idwal ne, kuma mazan da ke jingine da katanga duk sun san haka. Wani ya yi tari, wani ya shiga gyara igiyar takalmi. Allah ya taimaka Nesta, matar Tecwyn, ta leƙo daga ƙofar kicin ta ƙwala kira cewa abinci zai huce.

Mutum goma sha ɗaya suka zauna a dogon teburin Hendre, ga naman rago, ga dankali yana tururi. Siwan ta tsaya a waje tana kankare takalminta.

"Ke 'yar nan, shigo ki zauna nan kusa da ni," in ji Nesta.

"Nesta," in ji Tecwyn.

"Ba a taɓa hawa dutsen nan a sauko a bar mutum a waje da yunwa ba, Tecwyn. Ba kuma a gidana za a fara ba. Miƙo mata faranti."

Bai miƙa ba. Emrys ya miƙa.

Emrys, don ya rage nauyin ɗakin, ya tambaye ta ko har yanzu tana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a can Stoke.

"Na ajiye aikin, Baba Emrys. Ɗakin ma na mayar wa mai shi. Takarduna duka na juyo da su nan Gwynedd."

Ta faɗa ne don baffanta ya ji cewa zama ta zo yi. Amma da za ta duba fuskokin mutane da ta san ta taka wutsiyar maciji. Duk wanda ya san Tecwyn ya san ciwonsa. Yana ɗan shekara ashirin gwamnati ta soke lardinmu na Meirionnydd ta zuba shi cikin wani babba mai suna Gwynedd, yau shekara hamsin bai yafe ba. Wasiƙa in ta zo da sabon sunan sai ya soke shi da biro kafin ya buɗe. Tirelar tumakinsa ma da jan fenti ya rubuta mata tsohon. Tarihin sunan kuwa mun ji shi a bakinsa har mun haddace, da ya ɗauko sai kowa ya ƙara dankali, don an san da sauran zama.

Ya ajiye wuƙa da cokali a hankali.

"Nan ina?"

"Nan... Gwynedd."

"Ku ji min ita! Tana neman shaidar Hafod, ba ta san sunan ƙasar da take takawa ba."

"Na sani. Meirionnydd. Ƙasar Meirion ke nan, Baba ya gaya min."

"Madalla. To wane ne Meirion?"

Kunnuwanta suka yi ja.

"A Stoke ba a koya muku ba ko? To buɗe kunne, yau kyauta zan karantar da ke." Ya gyara zama, ya dubi jama'a kamar mai wa'azi a majami'a. "Shekara dubu da ɗari biyar ke nan, in ji magabata, wani sarki Cunedda ya taso daga can arewa mai nisa, da 'ya'yansa takwas da jikansa ɗaya. Suka tarar baƙi daga hayin teku sun mamaye ƙasar nan, suka fatattake su, suka raba ta. Kowa ya sa wa rabonsa sunansa. Ceredig ya samu kudu da mu, ga Ceredigion nan har gobe. Nan kuwa, dutsen da kika faɗi a kansa ɗazu, da kujerar da kike zaune, rabon jikan ne, Meirion. Sunan mutum ne, mai jini da nama, ba sunan da wani ɗan ofis ya zauna ya zaɓa mana ba."

"To me ya sa jika ya samu rabo tare da 'ya'ya?"

Ba da wata manufa ta tambaya ba, kunyar rashin sani ce ta sa ta neman abin faɗa. Shi kuwa daɗi ya ji, don nan ne wurin da ya fi so a labarin.

"Tambaya ta yi kyau! Saboda mutanen da suna da mutunci. Ubansa Tybion shi ne babba, kuma ya mutu tun kafin a taso. Yaron ba shi da mai tsaya masa. Da ƙannen uban sun so, da sun raba takwas sun yi shiru, wa zai ce musu don me? Amma sai suka ɗauki rabon wansu suka..."

Ya tsaya.

Shekara hamsin yana ba da labarin nan, bai taɓa jin sa ba sai yau. Cokula suka daina motsi. Nesta ta tsaya da tukunyar shayi a hannu, ba ta zuba ba, ba ta ajiye ba.

"Suka yi yaya da shi, Baffa?"

Ya sunkuyar da kai kan farantinsa.

"Suka ba ɗan," in ji Emrys yana shafa wa burodinsa man shanu. "Haka dai kake gaya mana kullum, Hendre."

Baki shi ke yanka wuya. Tecwyn ya ji jini ya hau masa kai, kunya da fushi suka cakuɗe masa, ya buga tebur har miya ta fantsama.

"Meirion da ƙafarsa ya yi tafiyar nan tare da su! Ya sha ruwan saman da suka sha, ya yi yaƙin da suka yi! Bai zauna a Ingila ba sai da aka rufe kabari sannan ya taho a mota da katifa a ka!"

"Shekarata tara," in ji Siwan. Ba ta kau da ido ba. "Ba ni na tuƙa motar ba. Kuma na tuna wanda ya ɗauki akwatunanmu ya zuba a but ɗin motar. Kai ne, Baffa. Har fito kake yi. Ka ce wa Mama ta gai da mutanen gari, ka buga murfin."

Wannan ma gaskiya ne. Bai taɓa son matar ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Abin da bai sani ba shi ne yarinyar da ke kujerar baya tana ji.

Ya miƙe, kujera ta faɗi bayansa. Ya zaro 'yar wuƙar shaida daga aljihu ya wurga ta kan tebur, ta zame ta tsaya jikin farantinta.

"To shi ke nan. Tunda ke ce Hafod, ga wuƙa. Mai gida shi ke tsaga shaidar gidansa. Ki kama da kanki, ki tsaga da kanki. Ba mai riƙe miki, ba mai ce miki kanzil. Kunnen da ɗan tunkiya ya fita da shi daga kewayen nan, shi ne mai shi. In kin ɓata, ko kin gaji kin ajiye, sauran nawa ne. Emrys, kai ne shaida. Wanda duk ya buɗe mata baki, kada ya ƙara neman kare ko hannuna a gayyarsa."

"Haba Tecwyn," in ji Nesta, "tamanin fa, ita kaɗai?"

"Na yarda," in ji Siwan. Ta ɗauki wuƙar.

Emrys ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ɗaga kafaɗa. Ko shinkafa da madarar da Nesta ta gasa ba a tsaya ci ba, aka fita.

Aka ware 'ya'yan tumakin Hafod a ƙaramin kewaye, iyayen na can waje suna kuka suna turo hanci ta tsakanin sanduna. Maza suka jeru a kan katanga. Tecwyn ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Lissafinsa mai sauƙi ne: za ta ga jini ta tsorata, ko ta yaga kunne biyu uku ta yi kuka, kafin shayin la'asar an gama.

Ta cire jar rigar ta rataye. Ta fito da wayarta ta jingina a kan dutse. Hoton wani shafi ne daga tsohon littafin shaidar kunne na lardi, wanda Idwal ke ajiyewa a kan murhu: kan tunkiya a zane tana fuskantar mai kallo, a ƙasa an rubuta Hafod. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta shiga, ta cafko ɗaya da ƙafar baya, ba tare da wata wahala ba, don wadda ta saba ɗaga majinyata ɗan tunkiya ba kaya ba ne a wurinta. Tunda ba mai riƙe mata, sai ta haye bayansa ta matse shi tsakanin gwiwoyinta, kansa na kallon gaba.

Shaidar gidajen biyu ɗaya ce, juya ta kawai aka yi, tun da kakansu ya raba su. Hafod ana tsaga tsinin kunnen dama ya yi baki biyu kamar wutsiyar kifi, a gutsure ƙasan na hagu. Hendre kuwa wutsiyar a hagu take, gutsuren a dama.

Ta dubi waya. A hoton wutsiyar na gefen hannunta na hagu, don tunkiyar zanen fuskantarta take yi. Ta kama kunnen da ke gefen hannunta na hagu, na ɗan tunkiyar da ya ba ta baya, ta tsaga. Ta kama ɗayan ta gutsure. Tsaf, kamar wadda ta shekara goma tana yi, ta zana wa ɗan tunkiyar ubanta shaidar Hendre.

Tecwyn ya ji zuciyarsa ta buga. Da farko bai yarda da idonsa ba, sai da ɗan tunkiyar ya wuce ta gabansa yana kaɗa kai. Wani sanyin daɗi ya sauko masa. Ba sai ya taɓa wuƙa ba, ba sai ya yi faɗa da kowa ba. Shiru kawai zai yi, ita da hannunta za ta miƙo masa su ɗaya bayan ɗaya, a gaban shaidu, bisa sharaɗin da ta ce ta yarda.

Ya dubi katanga. Mutum tara, kowannensu zai iya karanta kunne daga hayin kogi, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Emrys kaɗai bai sunkuya ba. Ba ita yake kallo ba, shi yake kallo.

Ta kamo na biyu. Ta tsaga, ta gutsure. Sai ta tofa yawu a babban yatsanta ta murza bakin yankan, ta ɗan bugi gindinsa ta ce, "Tafi gida." Haka Idwal ke yi. Babu wani a kwarin nan da ke yin haka sai shi, kuma ba a littafi yake ba. Tana 'yar ƙarama ta gani, ta tafi da shi Stoke ta ajiye shekara ashirin da biyar. Ta riƙe yawun, ta riƙe maganar, ɓangaren kunnen ne kawai ba wanda ya tsaya ya nuna mata.

Ta ɗago ta dubi baffanta, gumi na bin goshinta, fuskarta cike da nasara.

"Biyu, Baffa. Ko akwai gyara?"

Ya kau da kai. "Ci gaba."

Na uku mace ce, ƙatuwa, daga cikin mafi kyau na bana. Tecwyn ya san uwarta, shi ya zaro wannan daga cikinta cikin ruwan sama a watan Afrilu. Ya ga wuƙa ta shiga kunnen hagu. Daɗin nan na ɗazu ya nema ya rasa. Ba tausayinta ya ji ba, har yanzu in da hali da ya tura ta cikin motarta ya buga murfin. Amma a yi aiki ba daidai ba a gabansa, sau tamanin, yana tsaye yana kallo? Ranar kasuwar dabbobi a Dolgellau ba wanda zai ce masa komai, ya san mutanensa. Za su gaishe shi, su tambayi Nesta, su bar shi ya wuce, sannan su ce ga mutumin da ya cinye garken wansa da rufe baki. Kuma duk ranar da ya ɗauko labarin Meirion za su ƙara dankali, su dubi juna.

Ta miƙa hannu ta cafko na huɗu.

"Dakata!"

Ihun ya sa har tumakin waje suka yi tsit na ɗan lokaci. Ya banko ƙofa ya shiga.

"Wace irin wauta ce wannan? Makauniya ce ke? Damar wa kike dubawa, taki ko ta tunkiya? Wancan na waya kallonki yake yi, wannan baya ya ba ki! Shaidata kike yi musu, sakarya, tawa, ta Hendre!"

Ta dubi waya, ta dubi kan da ke tsakanin gwiwoyinta, ta juya ta dubi ukun da ke rakuɓe a lungu da jini a kunne. Fuskarta ta yi fari. Ta dubi mazan katanga ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

"Tun na farko ka gani."

"Na gani."

"Ka bar ni na yi uku."

"Da na bar ki kin yi tamanin, me za ki yi min? Sharaɗi ne, da bakinki kika amsa."

"Kai dai mugu ne, Baffa."

"Ke kuma ba ki san dama da hagu ba. Sakar min shi nan."

Ya fizge ɗan tunkiyar daga gwiwoyinta, ya ɗaga shi ya manna bayansa a ƙirjinsa, ƙafafu huɗu a dunƙule cikin hannuwansa, fuska na kallonta.

"Ga shi, yanzu yana kallonki kamar na hoton naki. Wutsiya a wannan. Kuma kada ki ce min kin gode, ba don ke na yi ba."

"Da ma ban yi niyya ba."

"Waɗancan ukun nawa ne. Kunne ya riga ya faɗa."

"Kwashi abinka. Ka dafa ka cinye."

"Ya kwashe su ya kai ina?" Emrys ne, yana saukowa daga katanga a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. "Nono suke sha. Gobe da safe iyayensu za su koma sama, dole su bi su. Kuma kun sani, dutsen nan ba shinge, inda uwa ta nuna wa 'yarta ta yi kiwo, nan za ta yi har ta mutu, nan za ta nuna wa tata. Kunne naka ne, Hendre, ba mai musu. Amma gefen Hafod za su sani. Tunda Hafod ya samu mai shi, daga yanzu duk gayya a kewayenta za su sauka, sau huɗu a shekara, sai ka hau ka ƙwanƙwasa mata ƙofa ka ce ta ba ka tumakinka."

Wani a kan katanga ya yi dariya, ya yi maza ya mai da ita tari.

Tecwyn ya gyara riƙo. Ɗan tunkiyar ya motsa a ƙirjinsa, yana jin bugun zuciyarsa a hannu. Siwan ta goge wuƙar a cinyar wandonta, ta matso har yana jin numfashinta, ta kama kunnen dama. Ba ta dube shi ba.

"Riƙe masa kai sosai," in ji ta.

Ya riƙe.